Haidirojin Daga Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai: Me Ake Nufi?

Duk wanda ya taɓa fasa ruɓaɓɓen ƙwai ya san warin da ke tashi. Iskar da ke wannan warin ita ce haidirojin salfaid, wato haidirojin haɗe da farar wuta. Guba ce, idan ta yi yawa a wuri ma hanci yakan daina jinta, sai dai a ga mutum ya yanke jiki ya faɗi. To, daga cikinta ne masana ke son ciro haidirojin ɗin, wato iskar da ake iya amfani da ita a matsayin makamashi, yana kuma cikin abubuwan da ake nufi idan aka ce "haidirojin daga sharar masana'antu".

Ga yadda sharar ke samuwa. Dokokin muhalli sun tilasta wa matatun mai su rage farar wutar da ke cikin dizal da fetur, saboda hayaƙinta na cutar da huhu. Sai matata ta tura haidirojin cikin man da zafi, ya janyo farar wutar, su fito tare a matsayin wannan iska mai wari. Daga nan a bi da ita ta hanyar da Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista a 1883: a ƙona ta, farar wuta ta fito ruwan ɗorawa, ana tara ta tsibi-tsibi kamar yadda ake gani a Alberta ta Kanada. Haidirojin ɗin kuwa, wanda matata ta kashe kuɗi ta samar daga iskar gas, sai ya zama tururin ruwa ya bi iska.

Sabuwar dabarar ita ce a raba iskar gida biyu ba tare da ƙonawa ba. Abin da ke jan hankali shi ne sauƙin rabuwarta: a lissafi, ƙarfin da ake buƙata bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ake ci wajen ciro haidirojin daga ruwa ba. Wasu na amfani da zafi mai tsanani, wasu lantarki. A 2022 masu bincike a Jami'ar Rice da ke Amurka sun nuna ana iya yi da haske da ƙananan ƙwayoyin zinariya.

Sai dai kada a yi zumuɗi. Tan guda na iskar bai ba da fiye da kilo 60 na haidirojin ba, sauran duk farar wuta ce, kuma ita ke manne wa na'ura ta toshe ta. A ganina ribar ta matatar ce da kanta, ta maido da haidirojin da ta zuba ta sake amfani da shi. Ɗanyen manmu irin Bonny Light ma farar wutarsa kaɗan ce, don haka masu tace ɗanyen mai mai nauyi na Gabas ta Tsakiya da Kanada, mai yawan farar wuta, su ne za su fi morar dabarar.