Ƙagaggun labaran matasa a tsakanin ɗaliban sakandare na Jos

Ƙagaggun labaran matasa littattafan hikaya ne da ake rubutawa domin masu karatu 'yan shekara 12 zuwa 18, wato shekarun sakandare. Jarumin labarin yawanci sa'an mai karatu ne, kuma damuwarsu ɗaya: jarrabawa, abokai, soyayyar farko, saɓani da iyaye, da tunanin abin da mutum zai zama. A Amurka da Ingila wannan rukuni yana da kantarsa daban a shagon littattafai da ɗakin karatu. A Hausa har yanzu bai samu wannan matsayi ba. Abin da ɗalibin Jos yake karantawa idan an koma makaranta a watan Satumba yakan kasance ko dai littafin da manhaja ta wajabta, ko littafin soyayya da aka rubuta don manya, ko kuma labarin Turanci.

Asali a ƙasashen waje

Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta buɗe sashe na musamman domin matasa a 1957, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 ne masu buga littattafai a can suka fara ɗaukar matasa a matsayin kasuwa mai zaman kanta. Tun shekarar 2000 ake bayar da lambar yabo ta Printz ga littafin matasa mafi fice.

Tarihi a Hausa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a makaranta aka haife shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara wajen 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Damuwar East ita ce yaran da suka koyi karatun boko ba su da abin karantawa in an tashi daga aji. Shi ya sa ya shirya gasar rubuta labarai a 1933, wadda ta haifar da littattafai biyar da suka fito tsakanin 1934 da 1935, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancin marubutan malaman makaranta ne, kuma 'yan elemantare da midil ne suka fara cin moriyar aikinsu.

Magana Jari Ce, wanda Imam ya fitar a littafi uku tsakanin 1937 da 1939, shi ne ya fi kusa da abin da yau za a kira adabin matasa. Mai sauraren labaran da ke cikin littafi na farko saurayi ne, Musa ɗan sarki, aku kuma yana jero masa labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Dabarar ta malami ce: a riƙe yaro da daɗin labari har darasi ya shige shi bai ankara ba. Shekaru da dama littafin yana cikin jerin karatun makarantu, kuma har gobe ana samun tsofaffin kwafinsa a gidajen unguwannin Jos irin su Gangare da Unguwar Rogo, bango ya yage, an manne shi da gam, an rubuta sunayen yayye biyu ko uku a shafin farko.

Bayan Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 sai hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, wadda ta yi aiki daga wajen 1954 zuwa 1959 lokacin Yaƙi da Jahilci, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya a 1966. Labaran wannan zamani na jarumta ne da yawon duniya, da aljanu da 'yan fashi. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya, wanda ake ambata a matsayin ɗaya daga cikin labaran kimiyya na farko a Hausa. Duk da haka makaranta kanta, wato aji da ɗakin kwana da filin wasa, ba ta cika zama fagen labari ba. An rubuta wa ɗalibai, amma ba a rubuta rayuwarsu ba.

Soyayya ta shigo ne ta gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970. Daga cikinta aka samu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, kuma ake ɗaukarsa ƙagaggen littafin Hausa na farko da aka buga wa mace. A daidai lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya fara yaye dubban yara masu iya karanta Hausa, su kuwa manyan kamfanoni sun rage buga labarai saboda tsadar takarda. Marubuta matasa sai suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Daga tsakiyar shekarun 1980 abin ya bunƙasa a Kano, har aka raɗa masa Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubuta da yawa ba sa so.

Littattafan sirara ne, akan raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, kuma a ƙare kowane kashi daidai inda rai ya fi son jin ci gaba. Daga Kano dillalai ke kawo su Jos. Kafin gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, yankin kasuwar na cikin wuraren da aka fi sayen littattafai a garin. Amma yawancin 'yan mata ba saye suke yi ba, haya suke karɓa a unguwa, su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su mayar bayan kwana ɗaya ko biyu. Ana kuma ganin cewa Islamiyyun matan aure da suka yawaita bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 sun ƙara yawan mata masu karanta Hausar boko, wanda ya sa littafi ya shiga gida ta hannun uwa ko yaya kafin ya kai ga ƙanwa.

Labaran Turanci

Jos gari ne na harshe biyu. Hausa ce ta kasuwa da titi ga kusan kowace ƙabila, Turanci kuma shi ne na aji, kuma ba kowace makaranta ce ke koyar da Hausa a matsayin darasi ba. Don haka akwai matasa da yawa da Hausa ta zauna a bakinsu amma karatunsu na nishaɗi da Turanci suke yi. Ga waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980, jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara bugawa a 1977 shi ne adabin matasa na gaske: ƙananan littattafai masu hoton mutane a bango, labarin a Legas ko Kano ko Nairobi, kuma a gama cikin dare ɗaya. Kantin Challenge na cocin ECWA ya daɗe yana sayar da labaran matasa masu koyar da tarbiyyar Kirista. Masu kasa gwanjon littattafai a bakin titi kuwa su ke kawo na ƙasashen waje.

Littafin jarrabawa

A yau littafin matasa da ya fi kowanne yawan masu karatu shi ne wanda hukumar JAMB ta ɗora wa duk mai neman shiga jami'a a jarrabawar Turanci. A tsakiyar shekarun 2010 an yi amfani da The Last Days at Forcados High School na A. H. Mohammed, bugun kamfanin Cassava Republic na Abuja, labarin 'yan ajin ƙarshe na sakandare. A 2019 aka kawo Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, hirar yarinya mai shekara 16 da mahaifinta, sai The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli a 2021, wanda ke magana kan rayuwar jami'a. Karatu ne na dole, kuma ɗalibai da yawa taƙaitaccen bayani da tsofaffin tambayoyi suke haddacewa maimakon littafin. Masu ɗaukar darasin Hausa a WAEC da NECO su ma suna da nasu jerin na zube da wasan kwaikwayo da waƙa, wanda ake sauyawa bayan 'yan shekaru.

Lokacin komawa makaranta

Zangon farko yana farawa ne a ƙarshen damina, lokacin da iyaye ke fama da kuɗin makaranta da yunifom da littattafan darasi, saboda haka littafin labari shi ne na ƙarshe a lissafi. 'Yan makarantar kwana sukan saka shi a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin garin kwaki da sukari da rigar sanyi, a naɗe da takardar kalanda don ya yi kama da littafin darasi. Kwafi ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwana kaf, ana bin layi, wadda ta riga karantawa kuma ana roƙonta kada ta faɗi ƙarshen.

Zamanin waya

Daga shekarun 2010 kasuwar bugaggen littafi ta ja baya, rubutu ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, sannan mai son ci gaba ya tura kuɗi a saka shi a rukuni. Wasu kuma sauraren labarin suke yi a YouTube. A nan ne labaran da suka shafi makarantar kwana da jami'a suka ɗan yawaita a Hausa, kuma wasu daga cikin masu rubuta su ɗalibai ne. Sai dai ba a rubuta shekarun da labari ya dace da su, na manya da na yara duk a waya ɗaya suke.

Taƙaddama

Iyaye da malamai sun daɗe suna zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya da shagaltar da 'yan mata daga karatu. A 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙona wasu da aka karɓe daga makarantun 'yan mata. Masu kare su na cewa su ne suka koya wa mata da yawa karatu, kuma sun tayar da zancen auren dole da ilimin 'ya mace.

Gasa

Gasar adabi ta Najeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tana zagayowa kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, amma da Turanci. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci gasar a 2016 da labarin manya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta gajerun labarai ce ta mata zalla.