Tsofaffin Jiragen Yaƙi Masu Tashi: Tsada da Haɗarin Riƙonsu

Tsofaffin jiragen yaƙi masu tashi su ne jiragen saman soja da rundunoni suka sallama daga aiki, akasarinsu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da shekarun da suka biyo bayansa, waɗanda ƙungiyoyi da gidauniyoyi da attajirai suke gyarawa domin su ci gaba da shawagi a bukukuwan nuna jirage da ranakun tunawa da 'yan mazan jiya. Mafi yawansu suna Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan. Abin da ya rage daga cikinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan da aka ƙera. An yi jirgin Lancaster guda 7,377, amma biyu kacal ke iya tashi a yau, ɗaya a hannun rundunar sojin saman Birtaniya a sansanin Coningsby, ɗayan kuma a garin Hamilton na Kanada. Haka B-29 na Amurka, wanda aka ƙera 3,970, shi ma biyu ne suka rage a sama.

Tsadar riƙo

Kuɗin sayen jirgin, duk da yawansa, shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin, domin sau ɗaya ake biyansa. A shekarar 2015 an yi gwanjon wani Spitfire, ƙaramin jirgin yaƙi na Birtaniya, a Landan a kan fam miliyan 3.1, amma daga ranar da mai shi ya karɓi takardu ɗawainiya ta fara. Jirgin B-17 mai inji huɗu yana shan man da ya kai kimanin galan 200 a cikin awa guda, kuma man nasa na musamman ne, mai haɗe da sinadarin dalma, wanda kusan dukkansa daga kamfani guda a Ingila yake fitowa, ga shi kuma hukumomin kare muhalli suna neman a daina amfani da shi. Injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, wanda ke jan Spitfire da Lancaster, an daina ƙera shi tun a shekarun 1950, saboda haka duk abin da ya lalace a jikinsa sai dai a nemo a tsohon ajiya ko a sa ƙwararru su ƙera sabo ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane inji yana da adadin awoyin da idan ya cika dole a sauke shi a warware, ko da lafiyarsa ƙalau. Inshora ma tana da nata rabon. Lokacin da wata dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a 2005, wadda ta ɗora kuɗin inshora a kan nauyin jirgi, B-17 ɗin da ke Duxford ta Ingila mai suna Sally B ya faɗa aji ɗaya da jiragen fasinja na kasuwanci, alhali tashinsa a shekara bai wuce 'yan awoyi ba.

Babu misalin da ya fi fito da wannan ɗawainiya fili kamar na Vulcan mai lamba XH558, babban jirgin jefa bama-bamai na Birtaniya wanda ya fara tashi a 1960. Bayan sojoji sun rabu da shi a 1993, ya shafe shekaru goma sha huɗu a ƙasa. Wata gidauniya ta ɗauki nauyin farfaɗo da shi, asusun cacar ƙasa na raya kayan tarihi ya ba da fam miliyan 2.7, jama'a suka yi karo-karo suka cika sauran, har aikin ya ci sama da fam miliyan 6 kafin jirgin ya sake tashi ranar 18 ga Oktoba, 2007. Daga nan kuma sai an nemo kusan fam miliyan 2 kowace shekara. A watan Mayun 2012 injinansa biyu suka lalace a lokaci guda bayan sun zuƙi wasu ƙananan jakunkunan tsotse danshi da aka manta ba a cire ba, aka maye gurbinsu daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a ajiya. Abin lura shi ne, ba rashin kuɗi ne ya saukar da Vulcan ba a ƙarshe. Kamfanoni uku da doka ta wajabta su tsaya masa ta fuskar fasaha, wato BAE Systems da Rolls-Royce da Marshall, sun sanar cewa za su janye, saboda jirgin ya riga ya yi tashin da babu wani Vulcan da ya taɓa yi, ba a iya hasashen inda zai fara ba da matsala, sannan injiniyoyin da suka san shi ciki da bai sun tsufa, wasu ma daga ritaya ake kiransu. Ya yi tashinsa na ƙarshe a Doncaster ranar 28 ga Oktoba, 2015.

Haɗarin da ke jikin jirgin

An ƙera waɗannan jirage ne a lokacin da ba a sa ran za su wuce 'yan shekaru, wasu ma 'yan watanni, kafin a harbo su ko a sauya su. Bayan shekaru saba'in ko tamanin, tsatsa tana cin ƙarfe daga ciki, kuma yawan lanƙwasuwa a iska yana haifar da tsagewar da ido ba ya gani. A watan Mayun 2023 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin a duba mahaɗar fiffike da gangar jiki na kowane B-17 kafin ya sake tashi. A garin Reno na jihar Nebada kuwa, ranar 16 ga Satumba, 2011, wani P-51 da aka yi wa kwaskwarima domin tsere ya faɗa kusa da 'yan kallo, matuƙin da mutum goma suka mutu. Bincike ya gano cewa wasu noti ne da suka gaji a wutsiyar jirgin suka saki, ga kuma sauye-sauyen da aka yi masa ba tare da cikakken gwaji ba. A Afirka ta Kudu, matuƙin wani jirgin Lightning na wani kamfani da ke Cape Town ya rasa ransa a bikin nuna jirage na Overberg a watan Nuwamban 2009, bayan kujerar da ya kamata ta cilla shi waje ta ƙi aiki, masu bincike kuma suka sami nakasu a yadda ake kula da jirgin.

Haɗarin da ke hannun mutane

Duk wanda ya bi rahotannin bincike zai ga cewa tsufan jirgi shi kaɗai ba kasafai yake kashe mutane ba. Yawanci sai ya haɗu da sakaci ko ganganci ko raunin sa ido. A bikin nuna jirage na Shoreham ta Ingila, ranar 22 ga Agusta, 2015, wani jirgin jet mai suna Hawker Hunter ya faɗa kan babbar hanyar A27 yana tsakar alkafura, ya kashe mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da masu wucewa da ba kallo suka je ba. Hukumar bincike ta ce jirgin ya shiga alkafurar ƙasa-ƙasa kuma ba da isasshen gudu ba. Kotu ta wanke matuƙin a 2019, amma binciken musabbabin mutuwa a 2022 ya yanke cewa an kashe mutanen ba bisa ƙa'ida ba. Nan take bayan haɗarin aka hana tsofaffin jiragen jet yin alkafura a kan tudu a Birtaniya, sai dai su wuce kawai.

A Suwizalan, wani Ju 52 ƙirar 1939 ya faɗi a tsaunin Piz Segnas ranar 4 ga Agusta, 2018, duka mutum ashirin da ke ciki suka mutu. An sami tsatsa a fikafikansa, amma rahoton ya ɗora alhakin a kan matuƙan biyu, ƙwararru ne kuwa, waɗanda suka kutsa cikin kwari mai ƙunci ba tare da barin wa kansu hanyar juyowa ba. Ranar 12 ga Nuwamba, 2022, B-17 da P-63 suka yi karo a wani bikin nuna jirage a sararin Dalas ta Amurka, mutum shida suka mutu, kuma dukkan jiragen biyu lafiyarsu ƙalau. Abin da aka rasa shi ne tsarin raba su a sama da aka amince da shi tun kafin su tashi.

Inda tsada da haɗari suka fi cuɗanya shi ne ɗaukar fasinja. Yawancin masu waɗannan jirage ba su da hanyar samun kuɗi da ta wuce sayar da kujera ga masu sha'awa, saboda haka jirgin da ke ƙasa asara ce, kuma hakan na iya sa a yi tashi ranar da ya kamata a tsaya gyara. Ranar 2 ga Oktoba, 2019, wani B-17 na gidauniyar Collings ya faɗi a filin jirgin Bradley da ke jihar Connecticut, mutum bakwai cikin goma sha uku suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano kuskuren matuƙi bayan ya kashe inji ɗaya, amma ta kuma nuna gyaran da bai inganta ba a injina biyu, da raunin tsarin kiyaye haɗari na gidauniyar, da gazawar hukumar sufurin jiragen sama wajen sa ido. A watan Maris na 2020 aka janye wa gidauniyar izinin ɗaukar fasinja.

Muhawarar ajiyewa ko tashi

Akwai wata asarar da ba ta rai ba. Lokacin da jirgin Mosquito mai lamba RR299 ya faɗi kusa da Manchester a 1996 tare da mutum biyu da ke cikinsa, shi kaɗai ne irinsa mai tashi a duniya, kuma sai a 2012 aka sake ganin wani a sama, a Niyu Zilan. Wani jirgin Blenheim da aka shafe shekaru goma sha biyu ana gyarawa ya tarwatse a 1987, wata guda da fara tashinsa. Irin wannan ne ya sa manyan gidajen tarihi, kamar Smithsonian a Amurka, ba sa tashi da jiragen da ke hannunsu. Masu tashi da su kuwa suna cewa jirgin da ke rataye a rumfa ba ya koya wa matasa komai game da ƙararsa da yadda ake sarrafa shi, kuma sana'ar gyaransa tana mutuwa idan babu mai bukatarta. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai akwai abin da ke rage kaifin gardamar: da yawa daga cikin Spitfire da ke tashi a yau kusan sabbi ne, an ƙera jikinsu a 'yan shekarun nan, abin da suka gada daga jirgin asali bai wuce 'yan ƙarafa da ƙaramin allon da ke ɗauke da lambarsa ba.