Ɓoyayyun ɓangarorin da kamfani ke sakawa a faifan kwamfuta: a goge ko a bari?

Na buɗe Disk Management, manhajar Windows mai nuna yadda aka rarraba faifai, na ga wasu ɓangarori marasa harafi, ba C ba D. Mene ne su?

Ba ƙwayar cuta ba ce, kuma ba duka ne na kamfanin da ya ƙera kwamfutar ba. Wasu na Windows ne kanta: ɓangaren EFI mai kimanin MB 100, inda fayilolin tada kwamfuta suke, da ɓangaren gyara mai kusan rabin GB. A tsofaffin kwamfutoci za ka ga mai suna System Reserved, wanda shi ma aikinsa tada Windows. Sauran kuma kamfani ne ya yanka su tun a masana'anta. Tsofaffin Dell suna da ɗan ƙaramin ɓangare na kimanin MB 40 da ke ɗauke da manhajar gwajin lafiyar na'ura. HP tana da HP_TOOLS da HP_RECOVERY, Acer tana da PQSERVICE, Lenovo kuma tana da nata wanda ɗan maɓallin Novo ke buɗewa.

Idan na goge na kamfanin, kwamfutar za ta daina tashi?

Galibi za ta ci gaba da tashi lafiya lau. Abin da ka rasa shi ne hanyar komawa yadda ta fito daga kanti: ka danna F11 a HP ko Alt da F10 a Acer, ba za ka tarar da komai ba. Sai dai akwai tarko. A wasu kwamfutocin zamanin Windows 7, musamman na Dell, fayilolin tadawa suna zaune ne cikin ɓangaren RECOVERY ɗin. Ka duba rubutun da ke gefen ɓangaren: in ka ga System ko Active, ɗauke hannunka. Na EFI kuwa ba a taɓa shi ko da wasa.

To ya cancanci wahalar?

Ya danganta da girmansa. MB 40 bai kai hotuna ashirin na wayar zamani ba, wanda ya tsaya goge shi garin neman gira zai rasa ido. Wanda ya isa a yi magana a kansa shi ne babban ɓangaren ceto, mai ɗauke da cikakken kwafin Windows na masana'anta, wanda kan kai GB 10 zuwa 20. A kwamfuta mai faifan GB 128, wannan fili ne na gaske.

Sannan a tambayi kai, me ke cikinsa? Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake saya a kasuwanninmu an riga an sake musu Windows kafin su iso. Sai ka tarar tana aiki da Windows 10, amma ɓangaren ceton yana riƙe da Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, haɗe da tarkacen manhajojin talla. Sau da yawa ma maɓallin ya daina kaiwa gare shi tun ranar da aka yi fomat. Irin wannan, a ganina, zaman banza yake yi.

Akwai dalili na biyu. Tsohon tsarin faifai na MBR ba ya karɓar manyan ɓangarori fiye da 4, kuma kwamfutocin HP da yawa sun zo da duka huɗun a cike. Mai son ɗora Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, kusa da Windows dole ya sadaukar da ɗaya.

Lasisin Windows ɗina fa, yana ciki?

A'a. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanoni suna dasa lambar lasisin ne a cikin babban allon lantarki na cikin kwamfutar (motherboard). A zamanin Windows 7 kuwa tana kan takardar da aka manna a ƙasan na'urar ko ƙarƙashin batir.

Me zan yi kafin in goge?

Kwashe fayilolinka zuwa wani faifan daban tukuna. Sannan ka samu filas na GB 16 ko fiye, ka nemi Create a recovery drive a Windows, ka bar ta ta kwafe fayilolin ceto a kai. Za ta share duk abin da ke filas ɗin, a sani. Kada ka tsaya nan: tada kwamfutar daga filas ɗin ka gani da idonka yana aiki. In faifan yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, rubuta lambar buɗewa mai alƙaluma 48 ka adana. Kuma a cika caji, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Na danna dama a kansa, babu zaɓin gogewa. Yaya ake yi?

Da gangan Windows ta kare shi. Sai an bi ta diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni, a buɗe da ikon mai gudanarwa (administrator). Ka rubuta list disk, sannan select disk da lambar faifan, sai list partition. A nan ake nutsuwa: gwada girman da ka gani da wanda Disk Management ta nuna, don lambobin kaɗai suna ruɗarwa. In ka tabbata, select partition da lambarsa, sai delete partition override. Ba za ta tambaye ka ko ka tabbata ba, kuma babu kwandon shara da za ka je ka ɗauko. Umarnin clean kuwa kada ya ko gifta ta yatsunka, domin shi faifan gaba ɗaya yake sharewa.

Na goge, amma C bai ƙaru ba.

Ba ya ƙaruwa da kansa. Extend Volume, zaɓin faɗaɗa ɓangare a Disk Management, yana aiki ne kawai idan filin da aka samu yana manne da C ta hannun dama. In yana hagu, kamar yadda na Dell da na Acer kan zauna a farkon faifai, ko ɓangaren gyaran Windows ya shiga tsakani, zaɓin zai dushe. Daga nan ko ka mayar da filin sabon ɓangare mai harafinsa ka riƙa ajiye fayiloli, ko ka yi amfani da manhaja irin GParted ka matsar da ɓangarorin. Matsarwar ta fi gogewar haɗari, ga cin lokaci, shi ya sa na fi ba da shawarar a ba filin harafi a wuce wurin.