Mene ne kaitin, kuma me ya sa mai sihiri ba ya kai labari sai da shi?

Duk wanda ya zaɓi mai sihiri a wasan kwamfuta na intanet World of Warcraft, ya kuma ce shi kaɗai zai riƙa hawa mataki ba tare da ƙungiya ba, ba zai jima ba tsofaffin hannu za su ce masa ya je ya koyi kaitin. Abin da suke nufi shi ne ka sa dodo ya biyo ka, kana jifansa daga nesa, ba ka bari hannunsa ya kai gare ka har ya faɗi. An aro sunan ne daga kite na Turanci, wato abin wasan takardar nan da yara ke ɗaura wa zare su saki a iska, yana biye da mai zaren amma ba ya taɓa shi.

Dole ce ta kawo dabarar. Tufafin yadi kaɗai wasan ya yarda mai sihiri ya sa, ba na fata ba, balle sulke, ga jininsa ɗan kaɗan. Maharbi yana da dabbar da za ta tare masa faɗa, firist, wato jarumi mai warkarwa, yana iya warkar da kansa, shi kuwa ko ɗaya. Manyan sihirinsa ma sai ya tsaya cak yake iya sakinsu, kuma in ana dukansa a lokacin, haɗa sihirin sai ya ƙara jinkiri. Saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da dodo ita ce duk kariyarsa.

Mu ɗauki Classic, wato tsohon fasalin wasan na 2004 da kamfanin Blizzard ya dawo da shi a 2019, inda mataki na 60 ne ƙarshe. Za ka tsaya a iyakar inda jifanka ke kaiwa, yadi 30, ka saki Frostbolt, sihirin jifan ƙanƙara. Ban da raunin da yake yi, yana rage wa dodo kashi 40 cikin 100 na saurinsa, don haka kafin ya ƙaraso ka samu jifa biyu ko uku. Da ya zo dab da kai sai Frost Nova, wanda ake koya a mataki na 10: ƙanƙara ta riƙe masa ƙafafu har tsawon daƙiƙa 8, in dai wani duka bai fasa ta ba. A nan ne sabbin shiga ke kwafsawa. Sai ka ga mutum yana ja da baya yana kallon dodon, alhali tafiya da baya ba ta kai gudu gaba sauri ba ko kusa. Ka juya da linzamin kwamfuta, ko ka yi gefe, ka ba da tazara, ka sake fuskantarsa ka ci gaba da jifa. Sai bayan daƙiƙa 25 Frost Nova ke dawowa, shi ya sa Blink da ake samu a mataki na 20, mai cilla ka yadi 20 gaba cikin ƙiftawar ido, yake da daraja haka.

In jinin dodon ya rage kaɗan, kada ka ɓarnatar da sihiri a kansa, ƙarasa shi da 'yar sandar harbi. Mana, wato makamashin da sihiri ke ci, ba ta fara dawowa da kanta sai ka yi daƙiƙa 5 ba ka kashe ta ba, harbin sanda kuma ba ya cin ta. Gaskiya ne tun mataki na 4 mai sihiri ke haɗa wa kansa ruwan sha kyauta, amma zaman shan ruwan nan bayan kowane faɗa shi ne ke cinye lokaci. A wurina, gwani shi ne wanda zai kayar da dodanni da dama kafin ya zauna sau ɗaya, ko da jifansa bai kai na wani ƙarfi ba.

Ba kowane dodo ne ake ja ba. Masu kwari da baka da masu sihiri irinka ba za su biyo ka ba, daga inda suke za su yi ta narkarka. Counterspell, daga mataki na 24, yana toshe wa mai sihiri baki har ya taho da ƙafarsa. In biyu suka taso maka, mayar da ɗaya tunkiya da Polymorph ka ji da ɗayan. Ka kuma sani cewa in ka yi nisa da dodo ka daɗe ba ka taɓa shi ba, zai juya ya koma mazauninsa jininsa ya cika fal, wahalarka ta tashi a banza. In ya samu bayanka ya doka, kana iya yin jiri gudunka ya ragu. Mafi yawan mutuwa kuwa daga gudu ba duban hanya take zuwa, mutum ya tsere wa ɗaya ya faɗa tsakiyar uku. Tun kafin jifan farko ya kamata ka san inda za ka bi.

Akwai babban nau'insa da ake yawan nunawa a YouTube: a tattaro dodanni goma ko fiye, a daskarar da su gaba ɗaya, a ja gefe a yi musu ruwan ƙanƙara da sihirin da shi ma ake kira Blizzard, wanda in an ƙarfafa shi yana rage musu sauri har kashi 65 cikin 100. Yana daɗa sauƙi daga mataki na 40, lokacin da aka samu abin hawa da garkuwar Ice Barrier. Abin akwai ban sha'awa, kuma in ya yi kyau mataki gudu yake yi. Sai dai dodo ɗaya tak ya kuɓuce wa ƙanƙarar, shi ke nan. Ga mai bugawa daga Kano ko Yamai a kan sabar Turai, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan, ɗan jinkirin intanet kaɗai ya isa ya sa dodon da kake gani nesa ya riga ya iso kanka. A sabar Hardcore da aka buɗe a 2023, inda mutuwa ɗaya ke raba ka da jaruminka har abada, ni dai ɗaya bayan ɗaya zan ce a bi.

Dabarar ta girmi wannan wasa. A EverQuest, wanda ya fito a 1999, masu sihiri sun yi suna da jan dodanni huɗu a lokaci guda, domin wasu sihirinsu huɗu ne iyakar abin da suke kamawa. A World of Warcraft kuma an taɓa samun waɗanda suka ja ƙaton aljanin nan Lord Kazzak tun daga yankin Blasted Lands har cikin birnin Stormwind, ya yi ta karkashe duk wanda ya tarar, kuma yana ƙara jini da kowane kisa. Daga baya Blizzard ta gyara shi yadda ba zai ƙara yarda a ja shi zuwa can ba.