Tuƙi lafiya ga ma'aikatan lafiya na gida-gida a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Me ya bambanta tuƙin ma'aikacin lafiya da na sauran jama'a?

Gaggawa da yawan tsaye-tsaye. Mai allurar rigakafi, ko ungozoma, ko mai zuwa wanke wa tsoho gyambo a gida, kullum akwai wani gidan da ake jiransa. Ya tashi daga Mabera, ya leƙa Arkilla, kafin azahar ana nemansa a Kware. Hankalinsa na kan majinyacin da ya baro da wanda zai tarar, hanya kuwa ba ta san da wannan ba.

To idan an kira ni cewa mace na naƙuda, ba zan ƙara gudu ba?

Mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 20 a gudun kilomita 50 cikin awa tana cin minti 24. A gudun 70 tana cin kamar minti 17. Minti bakwai ke nan ka samu, a kan hanyar da jaki ko raƙumi ko garken shanu kan fito ba sallama. Idan ka faɗi, mai naƙuda ta rasa mai taimako, dangi kuma sun sami majinyata biyu. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce kilomita 50 cikin awa a cikin gari, kuma babur ba ya wuce hakan ko a babban titi. Abin da ya fi gudu amfani shi ne kafin ka tayar da babur ka kira gidan, ka faɗa musu abin da za su yi kafin ka iso, ko su kama hanyar asibiti mafi kusa ku haɗu can.

Waya fa? Aikinmu ba ya yiwuwa sai da ita.

Gaskiya ne, amma a gudun 50 abin hawa na shafe kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Duban allo na daƙiƙa biyu, ka wuce mita 28 ido rufe. Masu cusa waya cikin hular kwano suna magana ma ba su tsira ba, don hankalin ya riga ya tafi. Gangara gefe, amsa, sannan ka ci gaba.

Mu mata yawanci kabu-kabu muke hawa. Me ya shafe mu?

Abu mafi muhimmanci, kuma ba a cika faɗarsa a wajen horo ba: hijabi. Dogon hijabi ko gefen zani idan ya sauka kusa da tayar baya, sarƙa ko wayoyin taya na iya naɗe shi, ya fizgo mace ta baya tun daga wuya. Kafin ɗan kabu-kabu ya ja, ki tattara shi gaba ɗaya ki danne a cinya. Akwatin sanyin allura kuma a ɗaure shi da roba a bayan babur, kada ki riƙe shi da hannu biyu ki rasa abin kamawa. Ki zaɓi ɗan kabu-kabu ɗaya da kika yarda da tuƙinsa ki riƙa kiransa. Idan yana gudu, ki ce "Malam, rage", ba rashin kunya ba ne. Hular kwano kan hau bisa hijabi lafiya lau, zafi ne kawai ke sa a ƙi ta.

Yaya za a yi da yanayin Sakkwato?

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Kwalta ta yi zafi, tsohuwar taya ta fashe. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, wato 1522 na nufin mako na 15 a 2022. Duba su kafin ka sayi ta gwanjo, kuma a auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi. Zafin nan shi ke kawo gyangyaɗi bayan azahar, balle da azumi a baki, don haka a sa ziyarar nesa da sassafe.

Lokacin hunturu hazo kan rufe hanya, sai a kunna fitila ko da rana a kuma bar tazara. Da damina kuwa, hanyoyin fadamar Rima kan yanke. Ruwan da ke gudu a kan hanya, idan ba ka ga ƙasansa ba, jira ya janye.

Ƙauyukan da ke fama da matsalar tsaro fa?

A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, ba a shiga sai an tambayi mai gari ko jami'in lafiya na yankin halin da hanya ke ciki a ranar. Shugabanka ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka, man fetur ya ishe ka zuwa da dawowa, kuma la'asar ta same ka a hanyar gida.

Idan hatsari ya faru?

Kira 122, layin gaggawa na FRSC, kyauta ne. Ka sanar da wurin aikinka su tura wani ma'aikaci zuwa gidan da ake jiranka. Idan akwatin allura ya buɗe ko ya daɗe a rana, a mayar da shi ga mai kula da ma'ajiyar sanyi ya duba kafin a yi wa kowane yaro amfani da abin da ke ciki.