Jakar iska da yaro a gidan gaba

Jakar iska, wadda makanikai ke kira eyabag, jaka ce ta lailon da ake naɗewa a ɓoye cikin sitiyari da kuma dashbod, daidai gaban fasinja. Idan mota ta yi karo mai ƙarfi ta gaba, na'urar da ke jin bugu takan kunna wani sinadari, shi kuma ya cika jakar da iskar gas cikin kusan kashi 1 bisa 30 na daƙiƙa. Gudun fitowarta na iya kai wa kilomita 300 a awa. A Amurka, inda motoci da yawa da ake hawa a Kano suka fito, doka ta wajabta jakar direba da ta fasinja a ƙananan motoci tun daga samfurin 1998.

An auna ƙarfinta ne da jikin babban mutum. Idan ya ɗaura bel, ya jingina da kujera, jakar takan same shi ne bayan ta gama kumbura, sai ta zame masa matashi. Yaro kuwa gajere ne, kansa ya yi wa jikinsa nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Kafin karo direba yakan taka birki, birkin ya wurga yaron da ba a ɗaure ba zuwa dashbod, fuskarsa ta iso bakin murfin a daidai lokacin da jakar ke fashewa. Daga nan ake samun karayar wuya da raunin ƙwaƙwalwa, wani lokaci a ƙaramin karon da manyan da ke cikin motar suka fita lafiya.

Mafi haɗari shi ne kujerar jarirai mai kallon baya idan aka ɗora ta a gaba, domin jakar bayan kujerar take duka, inda ƙeyar jaririn take. Shi ya sa ake manna hoton gargaɗi a jikin abin tare rana na ɓangaren fasinja.

A Kano ba kujerar jarirai aka fi gani ba, cinya ce. Uwargida a gidan gaba da goyo a hannu, ko ƙaramin yaro tsaye ya dafa dashbod ana tafiya makarantar boko da safe, ko yawon salla. Zaman gaba gata ne a wurin yara, har rigima ake yi a kansa. Amma hannun uwa ba ya iya riƙe jariri a lokacin karo, kuma jaririn yakan shiga tsakanin ƙirjinta da jakar.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana umartar a zaunar da yaran da ba su kai shekara 12 ba a gidan baya. Idan dole ta sa yaron da ya ɗan tasa ya zauna a gaba, ana ja da kujerar baya iyakar inda za ta tsaya, a ɗaura masa bel, kada ya sunkuya ko ya ɗora ƙafa a kan dashbod.

Wasu motoci, musamman ƙirar Turai, suna da makunnin kashe jakar fasinja da makulli a gefen dashbod. Wasu sababbi kuma suna auna nauyin wanda ya zauna, su kashe ta da kansu, wata 'yar fitila ta nuna hakan. A motar da aka saya ta hannu, wadda wataƙila ta taɓa haɗari aka yi mata gyara, waɗannan na'urori kan iya lalacewa ba tare da mai motar ya sani ba. Fitilar jakar iska mai lafiya takan kama idan aka murza makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi; wadda ta zauna a kunne, ko ba ta kamawa sam, tana bukatar a kai wa mai gyaran wayarin ya duba.