Shafin da ka gāda: wace manhajar kyauta ce za ta gyara shi ba ta ɓata shi ba?

Yawancin masu wannan tambaya ba sabon shafin intanet za su gina ba. Miƙa musu wani aka yi, na makaranta ko na ƙungiya ko na shago, wanda wani ya gina shekara goma da suka wuce ya kama gabansa. Aikin bai wuce a sauya lambar waya, a sa sabon hoto, a cire sanarwar bara ba. Wanda aka ɗora wa nauyin kuwa bai iya HTML ba, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, yana neman manhajar da zai buɗe shafin a ciki, ya gan shi yadda yake a burauza, ya gyara kamar mai rubutu a Word. Irin wannan manhaja ita ake kira WYSIWYG, ma'ana abin da ka gani shi za ka samu.

Wacce ce ta fi kyau a cikin na kyauta?

Ba kai za ka zaɓa ba, shafin ne zai zaɓa maka. Saboda haka kafin ka ƙona data wajen sauke komai, buɗe shafin a kwamfuta ka danna Ctrl da U. Rubutun da ke ƙarƙashin shafin zai fito. Nemi kalmar wp-content. In ka gan ta, shafinka WordPress ne, kamar sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma ba ka buƙatar kowace manhaja daga waje. Rubutun shafin yana cikin rumbun bayanai ne, ba cikin fayilolin da za ka buɗe ba. Ka karɓi kalmar sirri, ka ƙara /wp-admin a ƙarshen adireshin, ka yi gyaranka a editan da WordPress ya zo da shi tun fitowa ta 5.0 a Disambar 2018. Haka abin yake ga Joomla da Drupal da Blogger, kowane da nasa editan a cikin gida.

In babu wannan, nemi kalmar generator. Tsofaffin manhajoji kan bar sunansu a wurin, kamar yadda tela ke liƙa tambarinsa a wuyan riga. Sannan duba ƙarshen sunayen shafukan: .html ne ko .php? Sauran bayanin nan duk na mai fayilolin .html ne, za mu zo kan .php a gaba.

Ai akwai manhajojin gina shafi kyauta birjik. Me zai hana in ɗauki ɗaya?

Don yawancinsu ba sa karɓar aikin wani. Mobirise da RocketCake, alal misali, suna da nau'in kyauta kuma suna da daɗin aiki, amma kowacce tana ajiye aikinta a fayil irin nata, daga shi take fitar da HTML. Ba za ka ba ta shafin da aka riga aka gina ta ci gaba daga inda aka tsaya ba, sai dai ka sake gini daga tushe. Google Web Designer kuwa don tallace-tallace masu motsi aka yi ta, ba don kula da shafi ba.

Ko a cikin waɗanda ke buɗe fayil ɗin wani akwai tarko, kuma shi ne zuciyar maganar. Sau da yawa manhajar gani da ido ba layin da ka taɓa kaɗai take gyarawa ba. Tana karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ta fahimce shi gwargwadon iliminta, in ka adana sai ta sake rubuta shi daga sama har ƙasa da nata hannun. Abin da ba ta gane ba, ko ta jirkita shi ko ta yar.

Na taɓa cin wannan tuwon. Shafin wata makaranta aka ba ni, lambar waya ɗaya za a sauya a ƙasan shafin farko. Na buɗe a wata tsohuwar manhaja, na goge lamba goma sha ɗaya na rubuta wasu goma sha ɗaya, na adana, na ɗora. A kwamfutata lafiya lau. Bayan la'asar shugaban makarantar ya kira, ya ce, "Malam, me ka yi wa shafin? A wayata komai ya hau kan juna." Da na gwada sabon fayil da tsohon, layin da ya sauya ya fi ɗari, alhali ɗaya na taɓa. Allah Ya taimaka ina da kwafin asali a filashi.

KompoZer, Nvu, BlueGriffon: waɗannan sunaye nake ta gani. Suna nan?

'Yan gida ɗaya ne, kuma kusan duk sun kwanta dama. Kakansu shi ne Composer na cikin burauzar Netscape, wanda ya koma hannun Mozilla. Daga shi wani Bafaranshe, Daniel Glazman, ya fitar da Nvu da tallafin kamfanin Linspire, fitowa ta 1.0 a 2005. Da aikin Nvu ya tsaya, aka ci gaba da shi da sunan KompoZer, wanda fitowarsa ta ƙarshe, 0.8b3, ta 2010 ce, kuma ko ita ta gwaji ce. Glazman ya dawo da BlueGriffon a 2011, na ƙarshensa 3.1 a 2019, daga nan aikin ya tsaya. Amaya ta W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ita ma an daɗe rabon da a ji ɗuriyarta.

Dubi shekarun nan ka gwada su da wannan: sai a Oktoban 2014 aka tabbatar da HTML5, kuma sai a 2017 manyan burauzoji suka fara karɓar tsarin CSS Grid da ake jera shafukan yau da shi. KompoZer bai san ko ɗaya ba. In ka buɗe masa shafin zamani zai nuna maka shi a wargaje, kai kuma garin gyara abin da bai lalace ba ka lalata shi da gaske. Yana nan ana saukewa, mutane kuma suna yaba shi don sabo, amma ni ba zan ba shi shafin da aka gina bayan 2012 ba.

BlueGriffon ya fi shi nesa ba kusa ba, ya san HTML5 da CSS3, ko da yake wasu sassansa sai da lasisin kuɗi. Wanda ke da sauran numfashi a gidan shi ne Composer na cikin burauzar SeaMonkey. Ana sabunta SeaMonkey ɗin har yanzu, yana aiki a Windows da Mac da Linux, sai dai editan nasa kusan yadda aka bar shi yake. Ya isa gyaran rubutu da hoto da tebur a shafi mai sauƙi, ba ya wuce nan.

Shafina da FrontPage aka gina shi. Ya zan yi?

Za ka gane shi da foldoji masu suna irin _vti_cnf da kalmar webbot warwatse cikin rubutun. FrontPage 2003 shi ne na ƙarshe, Microsoft ya maye gurbinsa da Expression Web a 2006, sannan a Disambar 2012 ya daina ci gaba da ita ma, ya saki Expression Web 4 kyauta.

A ganina, ga mai Windows da tsohon shafi na HTML zalla, ita ce mafi amfani a cikin na kyauta, duk da tsufanta. Dalili shi ne tana kallon shafin a matsayin gida guda, ba fayil ɗai-ɗai ba. In ka sauya sunan hoto za ta gyara duk shafukan da ke kiransa. In lambar waya tana shafi arba'in, za ta nemo ta sauya duka a lokaci ɗaya. Tana raba allo biyu, sama rubutun HTML ƙasa hoton shafin, ka taɓa nan ka ga abin da ya motsa can. Kuma ta san ƙwarangwal na .dwt, fayil ɗin da ke riƙe da kai da ƙafar kowane shafi, wanda in ka gyara shi sauran za su bi. Dreamweaver na Adobe yana da irin wannan tsari, amma shi na biyan kuɗi ne ta hanyar rajista.

Rauninta biyu. Hoton da take nunawa na shafin zamani ba abin dogaro ba ne, dole ka riƙa leƙawa a burauza. Kuma tunda mai ita ya sake ta, samun ta sai da hattara. Wuraren da ke cika allo da manyan maɓallan saukewa sukan haɗa wa mutum da abin da bai nema ba.

Ta yaya zan gwada manhaja kafin in amince mata?

Minti goma ya isa. Sauke shafin gaba ɗaya zuwa kwamfutarka, ka yi folda biyu. Ɗaya ka sa mata suna "asali" da kwanan wata, kada ka ƙara taɓa ta. A ɗayar za ka yi aiki. Zaɓi shafin da ya fi kowane cunkoso, mai jerin zaɓi da fom da bidiyo, ka buɗe shi a manhajar da kake gwadawa. Sauya kalma ɗaya tak, ka adana. Sai ka buɗe fayilolin biyu a WinMerge, manhajar kyauta ce da ke jera su gefe da gefe ta shafa wa duk layin da ya bambanta launi.

In layi ɗaya ya yi launi, ka samu abokin aiki. In ta ɗan gyara tazara nan da can, da sauƙi, ana iya zama da haka, wasu ma suna da wurin da ake hana su sake tsara rubutu. In kuwa ka ga ta taɓa layin farko mai DOCTYPE, ko ta cire wani abu daga sashen script, ko ta mayar da adireshin hotuna ya fara da file:///C:/, rufe ta ka cire ta. Wannan na ƙarshen mugu ne, don a kwamfutarka hotunan za su ci gaba da fitowa, tunda daga cikinta ake ɗauko su. Kowa a duniya ramuka zai gani, kai kaɗai kake ganin hoto.

Shafin da Hausa yake. Akwai abin lura na musamman?

Akwai, haruffa masu ƙugiya. Tsofaffin shafuka da yawa an adana su a tsarin windows-1252 ko ISO-8859-1, waɗanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. In ka rubuta su a irin wannan shafi, wata manhajar za ta mayar da su alamar tambaya, wata kuma ta mayar da su lambobi: ƙ ta zama &#409;, ɗ ta zama &#599;, ɓ ta zama &#595;. Lambobin suna fitowa daidai a burauza, amma ranar da ka nemi kalmar "ƙasa" a cikin fayil ba za ka same ta ba.

Akasin haka ma na faruwa. An adana fayil a UTF-8, tsarin da ke ɗauke da waɗannan haruffa, amma ba a gaya wa burauza ba, sai "ƙasa" ta fito "Æ™asa", "ɗaya" ta fito "É—aya". Duk inda ka ga wannan shirme, rubutun bai lalace ba, karatun ne aka yi ba daidai ba. Maganinsa a adana fayil a UTF-8, a kuma tabbatar akwai layin meta charset="utf-8" a kansa. Dole su biyun su yarda da juna. Don haka kalmar da za ka sauya a gwajin da na faɗa, sa ta zama mai ƙugiya.

Fayilolina .php ne. Zan iya buɗe su a irin wannan manhaja?

Gara kada. Shafin PHP sabar ce ke harhaɗa shi duk lokacin da aka buɗe: kai daga wannan fayil, jerin zaɓi daga wancan. Manhajar gani da ido guntu kawai za ta nuna maka, kuma tana iya lalata umarnin da ke tsakanin <?php da ?>. Wasu kuma suna sa wata ɓoyayyiyar alama da ake kira BOM a farkon fayil, wadda kan sa PHP ya fara ƙorafin cewa an riga an aika kan shafi. Nan editan rubutu ake buƙata.

Ke nan sai na koyi HTML?

Kaɗan, kuma ƙasa da yadda kake tsoro. Mai kula da shafi ba gini yake yi ba. In ka gane p sakin layi ne, a href mahaɗi ne, img src hoto ne, kuma duk abin da aka buɗe sai an rufe shi, ka iya mafi yawan aikin. Visual Studio Code kyauta ce, da ƙarin Live Preview za ka ga shafin a gefe yana sauyawa kana rubutu. Phoenix Code, magajin Brackets da Adobe ya daina tallafa wa a Satumbar 2021, shi ma haka yake. Kwamfuta mai rauni kuwa Notepad++ da burauza a buɗe sun wadatar. Babu ɗayansu da zai taɓa layin da ba ka taɓa ba. Ga duk shafin da ke daidaita kansa da allon waya, wannan hanyar nake bi, ita nake kuma ba mutane shawara.

Wani abu da kan ruɗi sababbi: in ka danna dama a burauza ka zaɓi Inspect, za ka iya sauya rubutun shafi nan take. Wannan a allonka kaɗai yake, da ka sabunta shafin ya tafi. Amfaninsa shi ne nuna maka sunan wurin da za ka nema a fayil.

Na gama gyara. Yaya zan mayar da shi kan intanet?

Da FileZilla ko WinSCP, duk kyauta. In kamfanin da ke ajiye shafin yana karɓar SFTP, zaɓe shi a kan FTP. Dukansu hanyoyin tura fayil ne, amma FTP yana aika kalmar sirri a fili ne. Ɗora fayil ɗin da ka gyara kaɗai, ba foldar duka ba. Lura da manya da ƙananan haruffa: a Windows Hoto.JPG da hoto.jpg abu ɗaya ne, a sabar Linux abu biyu ne. Bayan ka ɗora, danna Ctrl da F5 don burauza ta daina nuna maka tsohon da ta ajiye, sannan ka ɗauki waya ka buɗe shafin a can ma, kafin shugaban makaranta ya riga ka.